Bonar ko-ta-kwana a tukunyar itace: amsoshin wasiƙunku

Wani Alhaji mai gidan wanki da guga a Agege ya rubuto cewa tukunyar tururinsa da itace take aiki, amma da zarar damina ta kankama sai itacen ya jiƙe, tururi ya yi rauni, aiki ya tsaya. Yana so ya ƙara mata bona ta ko-ta-kwana, wato na'urar da ke hura wuta da mai ko gas, kuma yana tambaya ko ta man dizal zai saya ko ta iskar gas.

Alhaji, kafin a kai ga batun mai, a fara duba ko maƙerin tukunyar ya tanadar mata gurbin bona, domin idan babu, ba aikin mai walda na bakin titi ba ne ya huda ƙarfen da ke riƙe da tururi. Idan akwai gurbin, ni dizal nake zaɓa maka duk da tsadarsa. Iskar gas ta girki ta fi iska nauyi, saboda haka idan ta yi yoyo ƙasa take kwanciya, kuma ramin toka na tukunyarka, inda garwashi ke kwana da ransa, shi ne wurin farko da za ta taru. Ban da haka, tulun gas mai kilo 12.5 ba ya iya ciyar da babbar bona, sai ka ga ya yi raɓa har da ƙanƙara, wutar ta rage. Kada kuma a kunna bona alhali itace na ci, sai idan an ƙera tukunyar don hakan.

Wani daga Mile 12 yana tambaya ko zai iya zuba baƙin man da aka juye daga injin mota a bonar dizal don rage kashe kuɗi. Malam, ba zai yiwu ba, kuma ban ga dalilin ɓata tawada a kan wannan ba. Hujin nozul, wato bakin da ke fesa mai, ya yi ƙanƙanta ƙwarai, baƙin mai zai toshe shi cikin ɗan lokaci, sannan hayaƙinsa guba ne ga yaran da ke yi maka aiki.

Wasiƙar da ta fi taɓa ni ta wata Hajiya ce daga Idi-Araba, wadda ta gaji wurin turara shinkafa daga maigidanta, Allah ya jiƙansa. Ta ce bonar dizal da ke jikin tukunyarta ta shekara ba a kunna ta ba, da aka gwada ta ƙi kamawa, yara suka yi ta danna jan maɓallin sake tayar da ita har tukunyar ta yi ƙara kamar bindiga, tun daga ranar kuma ba ta iya barci.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, tsoron da kika ji shi ne daidai, kuma mai yiwuwa gyaran bai kai yadda kike zato ba. Duk lokacin da aka danna maɓallin nan bona tana fesa mai a cikin tukunya, idan kuma bai kama ba sai ya taru, ranar da ya kama ya tashi gaba ɗaya. Ki kafa musu doka cewa sau ɗaya ake dannawa, idan ta ƙi a kira mai gyara. Bonar da ke zaune a jikin tukunyar itace toka da kunkunniya ne ke kashe ta, domin suna rufe idon da ke ganin harshen wuta, su kuma danƙare a bakin nozul. A wanke kan bonar, a sauya nozul da matatar mai sau ɗaya a shekara, a tsiyaye ruwan da raɓar Legas ke tarawa a gindin tanki, a share bututun hayaƙi, sannan a riƙa kunna ta na ɗan lokaci kowane mako ko da itace bushe yake. Kafin a sake hura wuta, a sa ƙwararre ya duba ko ƙarar nan ta tsaga wani abu.

Abin da nake jin tsoro a kanki, Hajiya, shi ne kayan gyaran da za a kawo miki. Jabu ya cika kasuwa, kuma ana buga sunayen kamfanoni irin su Danfoss da Riello a jikin kwali ba tare da kunya ba. Jabun nozul ba ya fesa mai daidai, yana ɗiga bayan an kashe wuta, ya sha miki dizal fiye da rarar da kika samu wajen sayensa. Mafi muni shi ne mai gyaran da idan idon wuta ya lalace zai yi masa dabara ya ce ai tana aiki haka, alhali wannan idon ne kaɗai ke tsayar da mai idan wuta ta mutu. Duk wanda ya yi miki wannan tayi, ki sallame shi a ranar. Masu bonar gas kuwa ina ganin yadda suke haɗa ta da regileta da tiyon girkin gida don sun fi araha, ba sa ma gwada mahaɗan da ruwan sabulu su ga ko kumfa zai tashi. Haka kuma bonar gwanjo da aka shigo da ita daga Amurka an ƙera ta ne don wutar volt 120, tamu kuwa 230 ce, kuma ko an sa mata taransifoma injinta ba zai yi gudun da aka tsara masa ba, iska ta ragu, hayaƙi ya ƙaru. Ki nemi rasit mai ɗauke da lambar kayan, ki sa a cire tsohon nozul a gabanki a gwada lambobin jikinsa da na sabon, idan ba su yi daidai ba a mayar wa mai shago kayansa.