Tambayi Likita: Kaska, Jinin AS da Targaɗe ga Masu Gudu a Dazukan Turai

Tambayoyin wannan karon duk daga 'yan'uwanmu mazauna Turai suka fito, waɗanda suka shiga harkar gudu a turbobin daji, irin wanda ake tashi daga gindin tsohuwar fadar dutse a ratsa kurmi da gonaki har a ɓulla wani gari. Abin ya faranta mini rai, domin ga mai zaman ƙasar sanyi, inda kaɗaici da zaman ɗaki ke cin mutane, samun abin da zai fitar da kai cikin itatuwa alheri ne babba. Sai dai dajin can yana da nasa sharuɗɗa.

Likita, ni ɗalibi ne a Heidelberg. Nakan yi gudu a dajin tsaunin Königstuhl da ke saman tsohuwar fadar garin. Shekaranjiya na ga kaska a bayan gwiwata, na ɗiga mata mai na cire. Abokaina Jamusawa sun tayar mini da hankali. Mu da muka taso cikin shanu, kaska ce abin tsoro?

Ƙanena, abokanka suna da gaskiya. Kaskar dazukan Jamus ba irin ƙatuwar da ka saba cirewa a jikin saniya ba ce. 'Yar ƙaramarta, wadda ta fi cizon mutane, ba ta kai milimita 2 ba, kuma ba a jin cizonta. Ba daga kan bishiya take faɗowa ba, a ciyawa da ƙananan tsirrai take jira, kana giftawa ta manne a ƙafa ta hau sama.

Cututtuka biyu ne ake gudu. Ta farko cutar Lyme, wadda ƙwayar bakteriya ke haddasawa. Yawanci sai kaskar ta shafe sa'o'i da dama a manne kafin ƙwayar ta shiga jiki, don haka cire ta da wuri kariya ce ta gaske. Alamarta ta farko wani tabo ne da ke fitowa a wurin cizon tsakanin kwana 3 zuwa 30, yana faɗaɗa a hankali kamar makero, galibi ba zafi ba ƙaiƙayi sosai. A nan nake so ka buɗe kunne: hotunan da ke cikin littattafan likitanci kusan duk na farar fata ne, inda tabon yake fitowa ja wur. A fatarmu yakan fito da duhu-duhu, wani lokaci sai an duba a haske sosai kafin a gan shi, kuma ba kowane likita ne ya saba ganinsa a baƙar fata ba. Ɗauki hoton wurin yau, ka rubuta ranar cizon, ka riƙa dubawa har wata guda. In ka ga wani abu yana faɗi, je wurin likita ka faɗa masa da bakinka cewa kaska ta cije ka. Idan an kama cutar da wuri, maganin doxycycline na mako biyu zuwa uku yakan gama da ita. In aka bar ta, tana iya taɓa gaɓoɓi da jijiyoyi, har da zuciya.

Ta biyu ita ce wadda Jamusawa ke kira FSME, ƙwayar bairos ce mai iya kumbura ƙwaƙwalwa da rufinta. Ita tana cikin yawun kaskar, tana iya shiga tun farkon cizo. Ba ta da maganin da ke kashe ta, amma tana da allurar rigakafi, kashi uku, biyun farko tsakaninsu wata ɗaya zuwa uku. Cibiyar Robert Koch, mai sa ido kan cututtuka a Jamus, tana fitar da taswirar yankunan haɗari kowace shekara, kuma kusan dukan jihar Baden-Württemberg da kake zaune tana ciki, haka ma mafi yawan Bavariya. Allurar ba za ta yi aiki kan cizon da ya riga ya faru ba, amma ga mai shiga daji kowane mako, ni ban ga dalilin jinkiri ba.

Abin da ya fi damuna da mutanenmu shi ne, da zarar zazzaɓi ya zo sai a ce cizon sauro ne, a buɗe jaka a ɗauko maganin da aka taho da shi daga gida. Idan zazzaɓi da ciwon kai suka kama ka mako ɗaya ko biyu bayan cizon kaska, musamman in ya lafa sannan ya dawo da sanƙarewar wuya ko ruɗewa, asibiti za ka nufa.

Batun mai kuwa, kada ka sake. Mai ko kananzir ko wuta suna sa kaskar ta galabaita, tana iya amayar da abin cikinta a jikinka. Da matsefata ake kama ta dab da fata, a ja a hankali ba tare da matse cikinta ba, a goge wurin. Bayan kowane gudu ka duba bayan gwiwa, matsematsi, cibiya, hammata da ƙeya.

Assalamu alaikum. Jinina AS ne, shekarata 38. Ina son shiga gasar gudu ta Rennsteig mai tsawo a jihar Turingiya ta Jamus. Maiɗakina ta ce in yi wa Allah in haƙura. Me za ka ce?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka gaishe da maiɗakin naka, tsoronta yana da tushe, amma ba zan hana ka ba. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS, kuma AS ba cutar sikila ba ce. Akwai manyan 'yan wasa da ke ɗauke da shi.

Inda matsala take shi ne lokacin da aka tura jiki iyakar ƙarfinsa, ga zafi, ga ƙarancin ruwa. A irin wannan hali tsoka tana iya narkewa, abin da ke cikinta ya kwarara cikin jini ya toshe ƙoda. Wani bincike da aka buga a 2016 kan baƙaƙen sojojin Amurka kusan 48,000 ya nuna masu AS sun fi sauran haɗarin wannan narkewar tsoka da kimanin kashi 54 cikin ɗari, amma bai nuna sun fi su mutuwa ba. Wato haɗarin yana nan, kuma ana iya sarrafa shi.

Gasar da kake magana, wadda aka fara a 1973 kuma ake yi a watan Mayu, doguwar tana tashi ne daga Eisenach, garin da fadar Wartburg ke kallonsa daga kan tudu, ta ƙare a Schmiedefeld bayan fiye da kilomita 70. Tsayin tsaunukan wurin bai kai mita 1,000 ba, don haka ƙarancin iska ba abin damuwa ba ne a can. In wata rana ka nufi dogayen tsaunukan Alps ne za mu yi maganar yadda ƙarancin iska ke taɓa saifar mai AS. Shawarata ka fara da rabin marato da ke tashi daga Oberhof, shekara mai zuwa ka ƙara. Kada ka yi gudu kana cikin zazzaɓi ko gudawa, kada ka yi atisaye mai tsanani da azumi a bakinka, kuma kada ka bi wani a guje wajen hawan tudu don kunya. Idan ƙafafunka suka mutu, suka yi laushi ba irin ɗaurewar jijiya da ka sani ba, ko numfashi ya gagara, tsaya nan take ka nemi taimako. Fitsari mai launin baƙin shayi bayan gudu maganar asibiti ce a ranar. Ka guji ibuprofen da diclofenac kafin gudu da lokacinsa, suna ƙara wa ƙoda nauyi. Sannan ka rubuta AS a bayan lambar da ake liƙa maka a ƙirji.

Ina aikin jinya a arewacin Wales. Na gurɗe idon sawuna a kan gangaren dutse kusa da Conwy, ya kumbura. Wata ƙawata ta ce ta iya gyaran targaɗe. In bari ta ja?

A'a, 'yar'uwa, kada a ja, kada a murza. Yawancin targaɗen idon sawu yagewar jijiyar da ke gefen waje ne, ja kuwa ƙara yaga ta yake. Ke ma'aikaciyar lafiya ce, kin san ƙa'idar: in ba ki iya taka ƙafar taku huɗu ba, ko kika danna bayan ƙashin idon sawu ko gefen tafin ƙafa kika ji zafi a kan ƙashin kansa, a yi hoto. In ba haka ba, ɗaga ƙafar, naɗa bandeji, sa ƙanƙara a cikin tawul na minti 15 zuwa 20 a kwanakin farko, ki fara takawa da zarar zafin ya ba ki dama.

Abin da mutane ke tsallakewa shi ne na bayan nan. Ƙafar da ta taɓa gurɗewa tana saurin maimaitawa, domin ta rage jin inda take. Kullum ki tsaya da ƙafa ɗaya na rabin minti, in kin ƙware ki rufe ido, ki yi haka tsawon makonni. Garuruwan nan masu fadoji irin Conwy, wadda Sarki Edward na Ɗaya ya fara gina fadarta a 1283, akwai gangare da matakalar dutse da ke santsi in an yi ruwa. Wajen saukowa ki gajarta taku, ki sa takalmi mai haƙora a ƙasa.

Ruwan ƙoramu a tsaunin da nake gudu garau yake. Ana iya sha? Kuma lita nawa zan sha a dogon gudu?

Garau a ido ba ya nufin tsafta. Inda tumaki ke kiwo a sama, ruwan yana iya ɗauke da ƙwayoyin da ke sa gudawa ta kwanaki, kuma ƙwayar kulorin ba ta kashe wasunsu. Ka tafi da naka, ko ka tace, ko ka tafasa.

Yawan kuwa, ƙishirwa ce ma'auninka. Ɗura ruwa fiye da kima yana tsarma gishirin jini. A gasar marato ta Boston ta 2002, kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka gwada bayan gudun gishirin jininsu ya yi ƙasa. In gudun ya wuce sa'o'i biyu, ka haɗa da abu mai gishiri da ɗan dabino. Ka ɗauki rigar ruwa ko da rana ta fito, domin jiƙaƙƙen jiki a kan tsauni yana saurin sandarewa, ka kuma gaya wa wani turbar da za ka bi da lokacin dawowarka. Lambar gaggawa 112 ce a ƙasashen Tarayyar Turai, a Birtaniya kuma 999.