Malami ya kira ɗanki daƙiƙi: ƙara ko sulhu?

Malama, kin ce malamin lissafi ya shafe zango guda yana kiran ɗanki mai shekara 13 daƙiƙi a gaban 'yan aji, har yaron ya yarda ba ya iya komai, likita kuma ya ce ciwon damuwa ne. Kin yi wa shugaban makarantar magana, ya yi shiru. Kin ɗauka takardar likitan ta isa ta ciwo miki diyya. Da wuya.

Takardar likitan ba ta tabbatar da komai sai rashin lafiyar. Abin da kotu kan nema, a mafi yawan ƙasashe, shi ne hujjar cewa kalaman malamin ne suka jawo ciwon, kuma a nan ƙararraki irin wannan suke faɗuwa. Masana halayyar yara sun nuna cewa raina iyawar kai na iya kai yaro ga damuwa, ita ma damuwar takan sa yaro ya raina iyawarsa. Lauyan makaranta zai ce ciwon ya riga zagin, sannan ya tono zaman gidanku da tarihin dangi. Ma'aunin Susan Harter na 1985, wato jerin tambayoyin da wannan masaniyar halayyar yara ta tsara, yana duba yadda yaro ke ganin kansa a karatu, abota, wasanni, kamanni da ɗabi'a. In a karatu kaɗai aka ga raunin, yana iya taimakon ki. In ya game ko'ina, wataƙila makaranta ce za ta amfana.

Sashe na 19 da na 28 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 sun hana cin zarafin tunanin yaro da horon da ke zubar masa da mutunci, amma samun diyya ya danganta da dokar ƙasarku.

Ki kai wa makarantar ƙorafi a rubuce, da ranaku, da ainihin kalaman, da waɗanda suka ji. Shirun da shugaban makarantar ya yi miki ba zai yi masa kyau a takarda ba. Ki ajiye sakamakon jarrabawar yaron na da da na yanzu, ki roƙi likita ya rubuta lokacin da alamun suka fara. Kada ki sa sunan malamin a Facebook, sai a juyo miki da ƙarar ɓata suna.

Ni dai zaman sulhu nake ba ki shawara: a canza wa yaron aji, a ladabtar da malamin, makaranta ta ɗauki wani ɓangare na kuɗin magani, duka a rubuce. A kotu ana iya yi wa yaron tambayoyi masu zafi. Amma ki tambayi lauyan yankinku wa'adin shigar da ƙara, kada sulhu ya cinye shi. In yaron ya ambaci cutar da kansa, asibiti za ki kai shi yau.