Me ya sa likita ya hana haɗa tiramadol da fluoxetine?

'Yar'uwa daga Jidda ta tambaya: mahaifinta yana shan fluoxetine, maganin ciwon damuwa, me zai hana a ba shi tiramadol saboda ciwon baya?

Malama, likitan yana da gaskiya. Jijiyar ƙwaƙwalwa tana sako sinadarin serotonin mai ɗaukar saƙo cikin ɗan tsagin da ke tsakaninta da maƙwabciyarta. Da zarar saƙo ya isa, wani furotin a fatar jijiyar ya zuƙe shi ya mayar ciki, da taimakon sodiyam da kuloraid. A ciki, ko a sake ɗura shi cikin ƙananan jakunkuna, ko enzayim ɗin MAO ya rushe shi. Julius Axelrod, wanda ya gano irin wannan zuƙa a kan wani sinadarin saƙo mai suna noradirenalin, ya sami kyautar Nobel a 1970.

Fluoxetine wannan ƙofar zuƙa yake toshewa. Tiramadol ma haka. In suka haɗu, serotonin ya taru ya yi yawa: gumi, rawar jiki, zazzaɓi, tsokoki su sandare, wani lokaci har farfaɗiya. Kada a ce zafin Jidda ne, a kira motar asibiti a lambar 997.

Kuma daina fluoxetine jiya ba mafita ba ce, yana ɗaukar makonni kafin ya bar jiki.