Ku Tambaya Mu Amsa: Wai me ya sa aktin ɗin finafinan gem ba ya shiga rai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Ni tun ina ƙarami nake buga Mortal Kombat da Tekken a gidan gem ɗin layinmu, to kwanaki na je wajen masu turi aka zuba min finafinansu a waya, faɗan kam ya yi amma aktin ɗin wallahi kamar yaron da aka tilasta wa biya allo, ko ɗan'uwan jarumi aka kashe fuskarsa ba ta motsi. Wai 'yan wasan ne ba su iya ba ko ni ne na girma?
Mai karatu daga Fagge

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Idonka bai yi maka ƙarya ba, amma ni gaskiya ba na ɗora wa 'yan wasan laifin duka. Tuna lokacin da pad, wato abin buga gem, ke hannunka, Liu Kang jarumin Mortal Kombat ba shi da wani dogon labari, kai ne ransa, in aka kai shi ƙasa kai ne za ka ji zafin don kuɗinka ne suka tafi kuma ga wani a tsaye a kanka yana jiran ka miƙa masa. To a fim an karɓe pad ɗin, yanzu ɗan wasa ne zai sa ka damu da shi, alhali marubuci bai ba shi komai ba sai tufafi da salon duka da 'yan kalmomi biyu ukun da kowa ya haddace a gem.

Sai matsalar wa za a ɗauka, mai iya duka ko mai iya magana. Duba Street Fighter na 1994, an ɗauko Van Damme, mutumin da kowa ya san ƙafarsa a Kano tun zamanin kaset, ɗan Beljiyam ne amma aka ba shi Kanar Guile sojan Amurka, yana buɗe baki zai yi wa dakarunsa jawabi sai ka ji abin bai zauna ba. Amma bos ɗin, Raul Julia da ya fito a M. Bison, shi ɗan wasan dandali ne na gaske, yana fama da kansar ciki ya yi aikin, ya rasu a Oktoban 1994 wata biyu kafin fim ɗin ya fito, kuma har yau in ana hirar fim ɗin shi ake tunawa. Wannan abu yana taɓa ni sosai, mutum jikinsa ya ƙare amma bai raina aikin ba don an ce ai fim ɗin gem ne.

Haka Mortal Kombat na 1995, Cary-Hiroyuki Tagawa ya riƙe Shang Tsung, bos ɗin fim ɗin, da ido da murya kawai, ya yi kyan da a 2019 masu gem ɗin da kansu suka dawo da shi, fuskarsa da muryarsa, cikin Mortal Kombat 11. Ka ga nan fim ne ya koya wa gem. Na biyunsa na 1997 kuwa aka canja yawancin 'yan wasan, ba sai na ɓata maka lokaci a kansa ba, haka Tekken na 2010 shi ma ba sai na tsaya a kansa ba.

In kana so ka ga inda abu biyun suka haɗu, koma farkon Mortal Kombat na 2021. Hiroyuki Sanada ɗan Japan, wanda tun yana matashi ya koyi faɗan fim kuma ya iya aktin, da Joe Taslim ɗan Indonesiya da ya taɓa wakiltar ƙasarsa a judo. A fim ɗin an kashe wa Sanada mata da ɗa, ka kalli fuskarsa kafin ya ɗaga hannu, kuma Sanada yana Japananci Taslim yana Sinanci, Sanada ba ya jin abin da yake faɗa amma kai ɗan kallo ka gane komai. Kamar dambe ne ƙanena, ba naushin kaɗai ke tayar da tsikar jiki ba, kiɗan da kirarin da sanin waye ya kayar da waye bara su ke sa ka miƙe tsaye. Sai dai daga nan suka koma kan jarumin fim ɗin, Cole Young, wanda babu shi ma a gem ɗin, zafin ya ragu.

TAMBAYA: Yaya ni na fi jin daɗinsu in an fassara da Hausa, akwai laifi?
Wata ɗaliba daga Gwale

AMSA: Babu laifi ko kaɗan ƙanwata, masu fassarar nan suna ƙoƙari kuma sun sa iyayenmu ma suna bin labari. Amma ki sani murya rabin aktin ce, in mai fassara ya ɗora tasa har ya saka barkwanci a inda mutum ke kuka to shi kike yabawa ba ɗan wasan ba. Ki sa a tura miki duka biyun, ki fara da na asali ko da wancan farkon na Sanada ne kawai, sannan ki kunna fassarar ki ji bambancin da kunnenki.