Muryar Anti a gurup ɗin gida kan wanda zai zauna da mai naƙuda

Assalamu alaikum jama'ar gida, ina wuninmu. Ke 'yata na ji saƙonki tun azahar, ina kan hanya ne shi ya sa ban amsa ba. Kin ce a wajen awo an gaya muku ranar haihuwa mutum ɗaya tak za a bari ya zauna da ke, namiji kuma ba zai wuce ƙofar leba rum ba, sauran dangi sai lokacin ziyara, kina tambaya wai dokar gwamnati ce ko nas-nas ne suka ƙirƙiro abinsu don su wulaƙanta mutane. Toh ni dai na san ba wannan ne ke damunki ba. Abin da ke damunki shi ne wa za ki ɗauka, mamarki ko uwar mijinki, kina tsoron a ce kin ware wata. Ko ba haka ba? Ai na daɗe ina karɓar haihuwa kafin in yi ritaya, na san irin tambayar nan.

Maganar doka dai kowane asibiti da tsarinsa, na kuɗi daban na gwamnati daban, wani na kuɗin ma ɗaki guda za a ba ki mijinki ya shiga ya zauna ba mai ce masa komai. Kuma ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojin da ta fitar a 2018 cewa ta yi a bar mai naƙuda da mutumin da ta zaɓa da kanta ya kasance tare da ita har ta sauka. Ki ji da kyau fa, wanda ta zaɓa. Ba a ce lallai miji ba, ba a ce dangi duka ba. Namiji kuwa dalilin hana shi a namu asibitocin a fili yake, ɗaki ɗaya ne gadaje a jere, tsakaninki da ta kusa da ke labule ne kawai, wani labulen ma bai kai ƙasa ba, kowacce zaninta a kwance tana ta kanta. Mijinki zai yarda mijin wata ya tsaya a wajen kina cikin wannan halin? Toh shi ke nan, ita ma waccan matar wani ce.

Amma bari in ba ki labarin da ya sa ni ko a mafarki ba na goyon bayan cika ɗaki da mutane. Wata mata ce ta zo, haihuwarta ta shida, ta haihu salin alin wajen la'asar ko ɗinki ba a yi mata ba, aka mayar da ita ɗakin masu jego. Lokacin ziyara a inda nake aiki ƙarfe 4 zuwa 6 ne na yamma, wallahi kafin biyar gadonta ba ka ganinsa don mutane, 'yan barka sun fi goma, kuloli, filas ɗin kunu, ledar lemo, wannan ta ɗauki jariri ta miƙa wa wannan, ana ta gardamar wa ya ɗebo, hancin babansa ne ko na kakarsa. Ita kuma mai jegon tana kwance ta ja zani har wuya ta yi shiru, kowa ya ce ai gajiya ce a bar ta ta huta. Mu biyu ne kacal a kan aiki ga gadaje a cike, abokiyar aikina tana kan wata mai jijjiga, ni na ce musu su ragu sau biyu, wata tsohuwa a cikinsu ta ce min yarinya mu da muka haifi goma goma a ɗaka me za ki gaya mana. Har yau ina jin muryarta. Kin san wa ya gani? Mai jinyar gadon da ke kusa, wata yarinya da ba ta haɗa komai da su ba, ita ta zo ta ja min hannu ta ce sista wani abu na ɗiga a ƙarƙashin gadon can. Na je na yaye zanin, jini ya cika ledar katifa ya taru a gefe yana sauka ƙasa ɗis ɗis, a daidai inda suka jere takalmansu, mahaifar ta saki laushi tuɓus maimakon ta dunƙule ta yi tauri. Mutum goma a kanta 'yata, babu wanda ya kalli fuskarta.

Kuma ku sani dukkanku, jinin da ake cewa ya yi yawa bayan haihuwa mililita 500 ne, kwatankwacin ledar fiya wata guda ke nan, ba bokiti ba. Awa 24 na farko su ne masu haɗarin, kuma wadda ta yi haihuwa da yawa kamar ita ta fi shiga ciki, ba wai don ta saba shi ke nan ba. Muka murza cikin, aka yi allurar tsayar da jini, aka ɗaura ruwa hannu biyu, likita ya ce a kawo jini. Ina miji? Ya tafi kai 'yan barka gida a mota, waya a kashe. Mazan da suka cika baranda ɗazu ana ta musabaha duk sun watse. Sai bayan isha aka samo ƙaninta ya bayar. Ta rayu, Allah Ya yi da sauran kwana, amma ta daɗe a kwance, kuma abin da ya fi ƙona min rai washegari tsohuwar nan ta dawo da filas ɗinta tana faɗa da maigadi wai an hana ta shiga, ko a jikinta. Ni fa shekara nawa yanzu, amma in na tuna takalman nan...

Toh ina nake ma. Ehen, wanda za ki ɗauka. Ki ɗauki mai ido, wadda ba ta da nauyin bacci, wadda za ta iya tashi ta kira nas sau uku ko an harare ta, wadda ke ma ba kya jin kunyar ce mata ina jin jiri ko kaina na sarawa ko ina gani dishi-dishi. Ba mai ce miki daure, yi shiru kar a ji kukanki ba. Kuma kar a ce ina kare nas-nas, a'a, a cikinmu akwai masu tsawa, akwai masu baƙar magana ga mace tana tsakiyar ciwo, na gani da idona kuma ban taɓa jin daɗinsa ba, in da mutum a gefenki ko ba komai ana taka-tsantsan. Shi ya sa asibitin da zai ce ko mutum ɗaya ba zai shiga ba, ni ban yarda da shi ba. Lokacin korona a 2020 an yi haka a wurare da yawa, mata suka sha wuya su kaɗai.

Mamarki kuwa ke 'yar fari ce, kin san halinta da alkunya, ko sunanki ba ta faɗa, za ta zauna ne a bakin ƙofa tana jan carbi ba za ta yaye miki zani ta duba ba. Ni a ganina ki ɗauki yayarki ta wajen Gwaggo, ta haihu uku a asibiti ta san kan abin. Kin ga ba mamarki ba uwar mijinki, babu wadda za ta ce an fifita wata. Kuma ba ke za ki faɗa wa Hajiya ba, ɗanta ne zai je tun yanzu ya ce mata asibiti mutum ɗaya suka ce, amma in lokacin ziyara ya yi ita za ta fara shiga ta ɗauki jikanta. Hajiya mace ce mai fahimta in aka bi ta da girmamawa.

Kai kuma ɗana na san kana cikin gurup ɗin nan kana ji, aikinka ya fi na kowa yawa a ranar duk da ba za ka shiga ba. Ka zauna a bakin ƙofar nan, waya da caji, kuɗi a hannu, kar ka ce bari in je in dawo. Tun yanzu ka san rukunin jininta da naka, ka tanadi mutum biyu da za su iya bayarwa. In likita ya ce tiyata kai za ka sa hannu, a'a bari in gyara, mace baliga da ke cikin hayyacinta ita ke da ikon sa hannu a kan jikinta, amma kun san yadda muke, yarinya za ta ce sai mijina ya zo, a zauna ana jira ana kiran waya jariri yana galabaita a ciki. Ku gama wannan maganar tsakaninku tun a gida. Huɗuba kuma kar ka damu, ka roƙi sista cikin mutunci, in yaro lafiya yake za a miƙo maka shi a ƙofa ka yi masa a kunne a mayar wa uwarsa, don ana so ya kama nono cikin awa ɗaya na farko, dakashin nan da ake matsewa a zubar shi ne maganinsa na farko. Mai mura dan Allah ya tsaya a gida sai ranar suna. Kar wanda ya ɗura masa ruwa ko rubutu a ɓoye, zuma kuwa sai ya shekara, cibiya kuma akwai man da asibiti ke bayarwa, ba man goge baki ba, wannan ma wata doguwar magana ce bari in bar ta sai kin sauka.

In kin koma awo ki tambayi sistar da ke kan aiki ko mai jinyar za ta shiga har leba rum ɗin ne ko sai an fito da ke, da dare za a bar ta ta kwana, kuma in tiyata aka yi wa zai riƙe jariri. Ki turo min abin da ta ce. An fara kiran magariba, bayan na idar zan kira mamarki da kaina in yi mata bayani.