Ka faɗa musu tun kafin su ji a fada

Ƙanena, na ga tambayarka: hedikwatarku ta aiko da sabon tsari, za a haɗe ofisoshi, a rage kujeru, kuma kai aka ɗora wa aiwatarwa a nan Maraɗi, ta ina za ka fara? Na daɗe a cikin irin waɗannan manyan ƙungiyoyin agaji na duniya, sake fasali uku aka yi a gabana.

Fara da bakinka. Takardar hedikwata daga Jeneba sai ta yi watanni tana yawo kafin ta iso Yamai, amma jita-jita dare ɗaya take bukata. A sake fasalinmu na farko manya suka ce mu yi shiru sai komai ya kammala, ni ma na bi. Wani direbanmu, dattijo, wanda ya san hanyar Dakoro har da ramukanta, a fada, wurin hirar shan shayi, ya ji an soke kujerarsa, ana zuba shayi na biyu. Da safe ya shigo, ya ajiye makullin mota a teburina, ya ce, "Ɗana, da kai ka faɗa mini." Bai ƙara ko kalma ba. Har yau ina jin kunyar ranar. Bayan haka ko albarka na sa wa ma'aikata sai sun duba bayanta, masu ƙwazon kuma suka fara neman aiki a ɓoye, su ne aka fara rasawa.

Don haka tara su duka, har mai gadi da mai shara. Faɗi abin da aka yanke, faɗi ranar da kontiragi zai ƙare, abin da ba a yanke ba ka ce ba a yanke ba. Kada ka yi alkawarin da ba a hannunka yake ba.

Sai batun lokaci. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da garambawul ɗin babban sakatarenta Antonio Guterres a 2018, ranar 1 ga Janairu 2019 aka raba kujerar mai daidaita ayyukanta a kowace ƙasa da PNUD, hukumarta ta raya ƙasashe. A shekarar nan kuma ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato suka kwararo Gidan Rumji. Aiki ba ya tsayawa don ana gyaran gida. Mu an canza mana manhajar biyan kuɗi dab da damina, sa hannu ya koma wata ƙasa, irin gero ya iso Madarumfa bayan mutane sun gama shuka. In kana da ta cewa, roƙi a ɗage duk abin da ya taɓa kuɗi zuwa bayan kaka.

Kuma rubuta wa na sama. Kowane mako, layi biyar: me ya tsaya, a wane gari, saboda wane sa hannu. Ba mugunta ke gare su ba, ba su taɓa jiran takardar mai a rana ba ne. Ziyarar sarki da gwamna ma kada ka bar ta sai ƙarshe, su za a fara kai wa kuka.