Tambaya da Amsa: Radiohead da faifan OK Computer

*Assalamu alaikum. Yayana ya aiko mini da tsaraba daga Ingila, faifan garmaho na wasu mawaƙa da ake kira Radiohead, a kwalin an rubuta OK Computer. Su wane ne? Kuma me ya sa faifai biyu ne a kwali ɗaya?*
Mai karatu daga Kaduna

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Yayanka ya iya zaɓen tsaraba. Radiohead mutum biyar ne da suka haɗu suna ɗalibai a makarantar Abingdon, kusa da Oxford, a 1985: Thom Yorke mai rera waƙa, Jonny Greenwood da Ed O'Brien masu jita, Colin Greenwood, yayan Jonny, mai jitar bes (mai kaurin sauti), sai Philip Selway mai ganga. Da farko sunansu On a Friday, don ranar Juma'a suke gwajin kiɗa. Sun sauya suna bayan sun ƙulla yarjejeniya da kamfanin EMI a 1991. Waƙarsu "Creep" ta 1992 ce ta fito da su duniya, ta kuma so ta zame musu ƙarfen ƙafa, domin ko'ina suka je ita ake nema. Suka ƙi maimaita ta. Kundinsu na biyu, The Bends, ya fito a 1995, sannan na hannunka a 1997.

Yawancin OK Computer an ɗauke shi ne a wani tsohon gida mai suna St Catherine's Court kusa da garin Bath, tare da Nigel Godrich, wanda tun daga nan ya zama mai haɗa musu sauti. In ka saurara da kyau za ka ji amon manyan ɗakunan gidan a bayan muryar Yorke. Kundin ya ci kyautar Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, a 1998. Bayansa suka rage jita suka rungumi na'urori a Kid A na 2000, a 2007 kuma suka saki In Rainbows a intanet, suka ce kowa ya biya abin da ya ga dama. A ganinmu OK Computer ne mahaɗar hanyoyin nan biyu, kuma da shi ya fi dacewa mutum ya fara.

Batun faifai biyu kuwa lissafi ne. Waƙoƙi 12 ne, tsawonsu kusan minti 53. Fuska ɗaya ta faifai mai faɗin inci 12, a gudun zagaye 33⅓ cikin minti, tana ɗaukar kamar minti 22 ba tare da sautin ya raunana ba. In aka matsa mata fiye da haka, dole a matse tsagin da allura ke bi, a rage ƙarfin sauti, a rage bes, tunda bes ne ke cin wuri. Akwai kuma matsalar tsakiya: a bakin faifai tsagin na wucewa ƙarƙashin allura da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa, kusa da tsakiya kuwa ya sauko wajen 20, sai sautuka masu kaifi su fara dishewa. Da aka raba kundin fuska huɗu, kowace ta sami sarari. Duba takardar tsakiyar faifan: maimakon A, B, C, D, sun sa wa fuskokin Eeny, Meeny, Miney, Mo. Haka za ka bi su.

*Ta yaya zan gane ko faifan OK Computer bugun farko ne? An ce mini wanda aka rubuta giram 180 ya fi daɗin sauti.*
Mai karatu daga Zariya

Dubi sunan kamfani a bayan kwali. Bugun Ingila na 1997 na Parlophone ne, reshen EMI a lokacin, lambarsa NODATA 02. In ka ga XL Recordings, daga 2016 zuwa sama ne, lokacin da tsofaffin kundayensu suka koma hannun wannan kamfani. In faifai uku ne da sunan OKNOTOK, bugun cika shekara ashirin ne na 2017, mai ƙarin waƙoƙi. Nauyin giram 180 kuwa kaurin roba ne kawai, zurfin tsagin bai canza ba. Abin da ke sa sauti ya yi kyau shi ne gwanintar wanda ya yanka uwar faifan da tsabtar masana'anta.

*Akwai garmahon kakanmu a gida, irin wanda ake wanawa da hannu, har yanzu yana aiki. Zan iya ɗora faifan a kai?*
Mai karatu daga Maraɗi

Don Allah kada ka gwada, ko sau ɗaya. Wancan an yi shi ne don tsofaffin faya-faye masu tauri da ke gudun zagaye 78, allurarsa ƙarfe ce mai kauri, nauyin kan da ke riƙe allurar ya haura giram 100. Faifan zamani roba ce mai taushi, tsaginta siriri, nauyin da take so tsakanin giram 1.5 ne zuwa 2.5. Zagaye ɗaya za ka ga baƙin gari yana tashi bayan allurar, waƙar ce ke kankarewa.

*Na sayi na'urar juya faifai ta gwanjo daga Amurka. Muryar mawaƙin tana fita da nauyi kamar mai jin barci, ga ƙugi a lasifika.*
Mai karatu daga Jos

Malam, matsala biyu ce daban. Wutar Amurka bolt 120 ce mai kaɗawa 60 a daƙiƙa, tamu 230 mai kaɗawa 50. Taransifoma tana gyara bolt, ba ta taɓa kaɗawar. In injin na'urarka irin mai bin kaɗawar wuta ne, maimakon 33⅓ zai riƙa yin kusan 28, shi ya sa muryar ta yi nauyi. Gwada da kanka: manna guntun tef a gefen farantin, ƙirga zagaye cikin minti uku, ya kamata ka sami 100 cif. In ka sami wajen 83, sai an sauya ɗan ƙarfen da bel ke hawa a kan injin da na kaɗawa 50. In ka sami 96 ko 97, bel ne ya saki. Irin wannan injin ba ya shiri da janareta, domin duk sanda janaretan ya ja nauyi waƙar ma sai ta ja.

Ƙugin kuwa galibi siririyar wayar nan ce da ke fitowa tare da wayoyin sauti ba a ɗaure ta ba. Ɗaure ta a kusar da ke bayan amfilifaya. Ka kuma tabbata ka jona a mashigar da aka rubuta phono. A wata mashigar sautin zai fito can ƙasa-ƙasa, babu bes, domin tun wajen yanka faifan an rage bes da gangan, wannan mashigar ce ke maido shi.

*Da hunturu faifaina yana ta ƙas-ƙas, ɗaya kuma ya ɗan lanƙwashe.*
Mai karatu daga Sakkwato

Busasshiyar iskar hunturu tana sa roba ta ja ƙura kamar maganaɗisu. Kafin kowane saurare, ɗora burushin faifai mai laushi a kai yana juyawa, zagaye biyu ko uku, ka janye shi zuwa baki. In dattin ya shiga ciki, sami tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batirin mota, ka tabbata ba mai asid ba ne, ka jiƙa ƙyalle marar gashi, ka goge kana bin zagayen tsagin, ban da takardar tsakiya. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin gishiri a tsagi. Bar shi ya bushe sarai kafin ya koma kwali. Allurar ma a share ta daga baya zuwa gaba, a sauya ta bayan awa 500 zuwa 1,000.

Lanƙwasa daga zafi take, ko daga jibga faya-faye kan juna. Jera su a tsaye, nesa da taga da bangon da rana ke duka, kada a bar su cikin mota da rana. Wanda ya ɗan lanƙwashe, sa shi cikin rigarsa tsakanin gilasai biyu masu kauri, ɗora littattafai, ka bar shi makonni a ɗaki mai sanyi. Masu cewa a shanya shi a rana ko a bi shi da dutsen guga, kada ka saurare su: faifan zai iya miƙewa, amma tsagin ya riga ya narke.